Ƙwayayen da Dattijo Ya Bari

A ƙauyen Minezawa in baƙo ya tambayi gidan Togashi Kiyono, ba a nuna masa da hannu, sai a ce ya tsaya ya kasa kunne. Zakarunta irin masu doguwar cara ne. Zakara zai miƙa wuya gaba, baki kusan a rufe, ya ɗauko muryar daga can ƙasan ƙirji, ya ɗaga ta sannu a hankali, ya yi ta riƙewa har mai sauraro ya ji nasa numfashin na neman ƙarewa, sannan ya sauke ta ba tare da ta yanke ba. Wanda bai saba ba yakan zaci saniya ce ke kuka a ƙetaren rafi.

Wajen mahaifinta ta gaje su. Shi mai ƙona gawayi ne, 'ya'yansa biyu suka rayu, Genzo da ita. Tun tana 'yar mitsitsiya ita ke yanka ganye ta cuɗa da dusar shinkafa ta zuba wa kaji, ita ke tsugunawa gefen tsohon da sassafe idan ya lumshe ido yana sauraron matasan zakaru, yana cewa wannan na tukunya ne, wancan a bar shi ya ƙara shekara. Genzo kuwa hankalinsa na daji, tun yana saurayi ya bi maharba. Da ta isa aure ta auri Togashi Sukeji, wanda gidansu ke gangare kaɗan da nasu, gonar shinkafa ɗaya ce tsakani. Sukeji mutum ne mai shiru-shiru. Duk lokacin sanyi yakan tafi ci-rani aikin gini a Tokyo kamar sauran mazan garin, a wani ci-ranin ne ƙarfe ya faɗo masa, aka ƙona gawar bisa al'ada, aka kawo mata tokarsa a ɗan akwati. Ita kaɗai ta reni 'yarsu, 'yar ta yi karatu ta tafi birni ta zauna.

Da mahaifin nasu ya ji jiki ya ƙi, sai ya sa aka ɗauki zakaransa mafi kyau da kaji uku aka kai gidan Kiyono tun yana da rai, wai don kada a yi gardama a bayansa. Genzo bai taɓa damuwa da kaji ba, amma shi ne ɗan fari, kuma a gaban jama'a uban ya tsallake shi ya miƙa wa ƙanwa abin da ya fi so a duniya. Daga nan gaisuwarsu ta koma ta ɗaga kai. A haka shekaru suka yi ta shuɗewa. Su haɗu a gayyar gyaran magudanar ruwa, ranar ziyarar matattu su tsaya gaban kabari ɗaya, kowa ya kunna turarensa ya kama hanyar gidansa. Matar Genzo, Sada, ita ke sintiri tsakani. Yau ta gangaro da ɗan kabeji mai gishiri, gobe ta koma da ƙwai ta ce wa mijin saye ta yi.

Kiwon kajin nan wahala ce tsagwaronta. Ba sa yin ƙwai da yawa, ba sa son kwanci, in ma sun kwanta nauyinsu kan fasa ƙwan. Rabin abin da aka sa baragurbi yake zama. 'Yan tsakin da suka fito, raɓa kaɗan ta isa ta kashe su. Kuma ba ka sanin abin da ka samu sai zakara ya doshi shekara ya buɗe murya. Shi ya sa Kiyono take ajiye wata 'yar ƙaramar kaza mai gajerun ƙafafu wadda ba ta da aiki sai kwanci a kan ƙwan wasu. Ungozoma take kiranta, kuma a kwando take kwana, a bakin madafa.

Shekarar da abin ya faru Kiyono ta haura sittin. A kakar da ta wuce wata mura ta shiga mata akurki ta kwashe matasan zakarun duka. Abin da ya tsallake sanyi shi ne kaji biyar da zakara ɗaya, wanda take ce wa Dattijo. Tattaɓa-kunnen zakaran mahaifinta ne, kuma tsofaffin garin sun yarda ba a taɓa jin murya irin tasa a kwarin nan ba. Ya tsufa, ba shi da magaji. Duk burinta na bazarar nan shi ne ta samu ƙwansa su ƙyanƙyashe.

Dusar ƙanƙara ta fara narkewa ke nan, wata safiya ta ɗauki kwando ta hau dutse tsinkar sabon ganyen miya. Da ta dawo wajen tsakar rana, tun daga kan hanya ta ji shirun bayan gidan ya yi yawa. Ta jefar da kwandon. Kaji biyu na kwance cikin shingen gora, sauran sun cusa kai a lungu suna makyarkyata. A gindin shingen an tona rami, ga sawun kare manya-manya a cikin laka. Can kusa da tarin itace kuma ga Taki, farin karen farautar Genzo, yana haki, ƙirjinsa duk taɓo, gashin kaza maƙale a hancinsa.

Ta kama kajin ta ƙafa, ɗaya a kowane hannu, ta hau hanyar da ta fi shekara ashirin ba ta taka ba. Ta tarar da Genzo a ƙofar gida yana wasa gatari. Ta zube masa su a gaba.

"Yaya, ga ragowar abincin karenka na kawo masa."

Genzo ya ajiye gatarin, ya juya kaza ɗaya, ya buɗa gashin wuyanta da yatsa. Ya ce kare ba haka yake kisa ba, kare girgizawa yake ya yayyaga, waɗannan kuwa 'yan huji biyu ne kawai a ƙeya. Ta ce ba karatun farauta ta zo ɗauka ba, abin da idonta ya gani ta gani.

"Kare kika gani," in ji shi. "Ba ki ga kisa ba."

Da ta tsaya nan da sauƙi. Amma zuciya ta riga ta ɗauke ta, ta ce masa ai ta daɗe da sanin yana jiran ranar da za a wayi gari babu kajin Baba ko ɗaya a duniya. Sada da ke bakin ƙofa ta dafe baki. Genzo ya tashi ya ɗauko sarƙa ya ɗaure karen, wanda ya biyo ta a baya, a gindin bishiya.

Ba a yi mako ba Taki ya zame wuyansa daga sarƙar, aka sake samunsa a gindin shingen Kiyono yana tono kamar zai haukace, a ciki kuma ga kaza ta uku a mace. Wannan karon ba ta je wa yayanta ba, wajen mai unguwa ta tafi. Al'adar garinmu sananniya ce, karen da ya ɗanɗana kazar maƙwabci ba ya zama. Genzo bai je ya kare kansa ba. Washegari ya ɗora Taki a bayan 'yar a-kori-kurarsa ya ƙetare dutse da shi, ya bar wa wani abokin farautarsa. Sada ta ce da ya dawo ko shinkafar da ta zuba masa bai taɓa ba.

Kwanaki suka ɗan wuce lafiya. Kiyono ta toshe ramin da duwatsu, tana kulle akurki da sakata tun kafin rana ta faɗi, tana gaya wa kanta ai ga shi an huta. Ta fara tara ƙwai cikin ƙaiƙayin shinkafa.

Sai wata asuba ta farka ta ji gari ya yi haske babu cara. Ta fita ko takalmi babu. Sakata na nan yadda ta bar ta. Ta zare, ta tura ƙofa. Dattijo na kwance a ƙasa, wuya a lanƙwashe, ƙafa ɗaya na ɗan motsi, kaza ɗaya kusa da shi. A kan gungumen da kajin ke hawa su kwana kuwa, ga tunkun dutse zaune, jikinsa rawaya, fuska fara-fara, baki jina-jina, yana kallonta ido cikin ido ba alamar tsoro. Kafin ta ɗaga hannu ya haye bango ya sulale ta wata 'yar kafa a ƙarƙashin rufi, kafar da ko dunƙulen hannunta ba zai shiga ba.

Ta durƙushe a wurin. Babu karen da zai bi ta nan. Ashe tonon da Taki yake yi, ba kaji yake nema ba, wannan abin yake bi. Kuma ita da bakinta ta sa aka kore shi.

Ta ɗauki Dattijo a ƙirji har ya daina motsi. Amma ba ta da lokacin kuka, don kaza ɗaya ta rage da rai a bayan kaskon ruwa, kuma tun tana yarinya ta san kazar da zakara ya taka takan ci gaba da yin ƙwai mai rai har wajen kwana goma bayan babu shi. Ta rungumo ta ta kai cikin gida, ta yi mata wuri a ɗakin da take kwana. Kazar ta firgita, ta ƙi ci, ta ƙi yin ƙwai. Kiyono ta dafa mata shinkafa da ɗan busasshen kifi, tana ba ta a tafin hannu, tana lallashinta kamar mai jinya. Kowace safiya ta laluba ciyawar ta ji wayam, kuma ta san kowace ranar da ta wuce ragowar Dattijo ce ke tafiya. A rana ta uku ko ta huɗu ta sa hannu ta ji ɗumi. Da waɗanda ta tara a baya da waɗanda suka biyo, ta haɗa bakwai.

Saura Ungozoma ta yarda ta kwanta. Ta sa mata ƙwan katako, ta lulluɓe kwandon da tsumma ya yi duhu. 'Yar kazar ta yi ta yanga, ta shiga ta fito, ta shiga ta fito, sannan wata yamma ta baje fukafukai ta kwanta, da Kiyono ta kai hannu ta sassare ta. Ba ta taɓa jin daɗin saran kaza irin na ranar ba. Ta zare na katakon ta jera bakwai ɗin.

Mako uku ake jira. Tunkun bai bari ta yi su cikin kwanciyar hankali ba. Akurki ya zama kango, sai ya biyo warin kaji zuwa gida. Ta fara ganin kashinsa a kan dutsen bakin ƙofa, kamar da gangan ya ajiye. Da magariba ta ji ƙaraf-ƙaraf a saman silin, ya bi ta wannan kusurwa ya tsaya daidai kan kwandon. Ta ɗauki sanda ta buga, ya yi shiru, can ya ci gaba. Ta bi gidan tana toshe kafofi da tsumma da murafen gwangwani, amma gidan katako ne da ya girme ta, in ta toshe ɗaya sai ta gano biyu. Ta daina zuwa ko'ina. Lokacin dashen shinkafa ya zo, gonakin kowa suka yi kore, tata na nan ruwa kwance. Ko wanka za ta yi sai ta bar ƙofa a buɗe tana kasa kunne. Ta rame, idanunta suka faɗa.

Ta san mutum ɗaya ne a garin ya san halin wannan dabba, kuma kullum ta leƙa ta taga tana ganin hayaƙin gidansa. Sau biyu tana ɗaura ɗankwali ta kai bakin ƙofa, ta dawo ta zauna.

Sada ce ta gangaro wata hantsi da kwanon miya. Ta dube ta sama da ƙasa, ta ce tun ranar da cara ta ɗauke kowa a garin ya san ba kare ba ne, Genzo ma ya sani. Ta ce su biyun nan kan uba ɗaya suka ɗauko, shi ba zai sauko ba, ita ba za ta hau ba, ita kuma ƙafafunta sun gaji da zirga-zirga. Ta karɓe sandar daga hannun Kiyono, ta zauna kusa da kwando, ta ce ga mai gadi an samu, Kiyono ta tashi ta tafi.

Ta samu Genzo yana gyaran injin huɗa. Bai ɗago ba.

"Yaya, ba Taki ba ne."

"Na sani."

"Zuwa na yi in faɗa da bakina."

"To, kin faɗa."

Ta tsaya tana murza gefen zanenta, ba ta san ko ta tafi ko ta ƙara wani abu ba. Har ta juya ya tambaye ta, yana kallon injin, ƙwai nawa ne. Ta ce bakwai ta sa, ta haska su da tocila, biyar na da jijiya, biyu baragurbi ta cire. Ya gyaɗa kai kawai.

Washegari da safe ta ji ƙugin mota a ƙofar gida. Genzo ne da naɗin ragar waya mai ƙananan idanu, da diga, da shebur, da tsofaffin kwanon rufi. Bai gaishe ta ba, ya zagaya shingen gorar ya taɓa shi da ƙafa, ya ce wannan ko agwagwa mai ciwon ƙafa ba zai tsare ba. Ta ce haka Baba yake yin nasa. Ya ce Baba yana da karnuka uku a tsakar gida, ko ta manta.

Ya tumɓuke shingen gaba ɗaya. Ya haƙa rami zagaye da wurin har zurfin gwiwa, ya binne ragar ya lanƙwaso gindinta waje ya danne da duwatsu, don mai tono ya tarar da waya a ƙarƙashin farcensa. Ya naɗe ginshiƙai da kwano don kada a samu wurin kama. Ya ce sama ma sai an rufe, kuma duk inda babban yatsansa ya shiga, abin nan zai gwada shiga. Aiki ne na matasa, shi kuwa ya kusa saba'in, yana yi yana tsayawa yana dafe ƙugu. Sada na gadin kwando, Kiyono na miƙa masa ƙusa. In ta miƙo gajera ya ce ko ido ma ya tafi ne, ta ce ai hannunsa ne ke rawa, ba ƙusar ba. Rabon da su yi magana mai tsawon haka tun uban na da rai.

Ya ɗana tarko a bayan sito da kan kifi. Safiya biyu a jere ana cinye kifin, tarko na nan a ɗane. Ya duba sawun, ya duba kashin, ya ce mace ce, tana shayarwa, kuma 'ya'yanta ba su da nisa. Irin wannan ba ta haƙura, yunwar ba tata ba ce ita kaɗai.

Ana saura kwana biyu ko uku ƙyanƙyasa, Kiyono ta kara ƙwai ɗaya a kunne ta ji ɗan tsiyau-tsiyau a ciki. Ranar ce Sada ta tafi asibitin gari karɓo maganin hawan jini. Ranar ce kuma aiki ya kai ga rufin sama, wanda mutum ɗaya ba zai iya ja ya kafa ƙusa a lokaci guda ba. Genzo ya ce ta zo ta riƙe masa gefe, ba zai daɗe ba, rana tsaka ce. Ta ja ƙofofin gidan duka ta rufe, ta ɗora faifai a kan kwandon ta danne da dutsen awo, ta fita.

Tana tsaye kan akwati, hannuwa sama riƙe da waya, suka ji ƙarar Ungozoma. Ba irin kukan da kaza ke yi in ta yi ƙwai ba ne.

Ba ta san yadda ta sauko ba. Ta fizge ƙofa. Wani katakon daɓe kusa da wurin wanke-wanke ya ɗaga. Kwando a kife, ciyawa a watse, ƙwai sun gangara kan tabarma. Ungozoma, wadda duk girmanta bai wuce tattabara biyu ba, ta tayar da gashi tana tsalle tana kai sara, dabbar ta cafke ta a fiffike tana janta zuwa ramin. Sandar na can jingine a bango. Kiyono ba ta bi ta kanta ba, ta faɗa kan dabbar da hannu biyu ta shaƙe ta a gadon baya.

Dabbar ta saki kaza, ta murɗe kamar igiya, ta kafa haƙora a gindin babban yatsanta na dama. Kiyono ta ji haƙoran sun taɓa ƙashi. Farata na yagar mata hannu, wani wari mai ɗaci ya cika ɗakin, abin na ta mutsu-mutsu da ƙarfin da ba ta zata ba. Ta danne shi a ƙasa da gwiwa tana kiran Yaya, Yaya. Genzo ya shigo da buhun dusa, ya kifa a kan hannuwanta da dabbar gaba ɗaya, ya laluba ta waje ya kama ƙeyar ya matse har baki ya buɗe. Ya ce ta saki. Ta kasa, yatsun sun ƙi buɗuwa. Sai da ya ɓamɓare su ɗaya-ɗaya, ya ɗaure bakin buhun ya jefa waje.

Ƙwai biyu sun fashe. 'Yan tsakin na ciki a naɗe, cikakku, har da gashi, ɗaya na buɗa baki. Uku suka rage, ɗaya da tsaga. Ungozoma ta shige ƙarƙashin kabad, fiffike na ja a ƙasa, ta ƙi fitowa. Jini na zuba daga hannun Kiyono har gwiwar hannu. Genzo ya ce ta tashi ya kai ta asibiti. Ta ce ƙwan na hucewa, in suka yi sanyi yanzu shi ke nan. Ta kai hannu za ta ɗauka, jini na ɗiga a kansu.

Genzo ya yi tsaki. Ya ɗage rigarsa, ya buɗa ɗamarar ulun da tsofaffi ke sawa don sanyin ciki, ya ɗauki ƙwan ɗaya bayan ɗaya ya jera su a jikin fatarsa, ya sauke riga, ya zauna a hankali ya jingina da bango.

"In kika gaya wa wani a garin nan, ni da ke har abada."

Ta ɗaure hannunta da tawul, ta ja ƙulli da haƙori. Da hannun hagu ta jawo Ungozoma, ta wanke mata rauni da ruwan gishiri, ta gyara kwandon, ta ajiye ta a gefe. Kazar ta tsaya tana kyarma, ido a rufe. Suka zauna suna kallonta. Tawul ɗin ya jiƙe ta sake wani. Genzo ko tari yake so ya yi sai ya danne. Can ya ce a hankali, akwai wanda ke motsi, yana jinsa a cibiya. A haka Sada ta dawo ta same su, ta tsaya a bakin ƙofa da ledar magani, ta rasa wanda za ta fara tambaya.

Sai da rana ta yi sanyi Ungozoma ta miƙe, ta sha ruwa, ta leƙa kwandon, ta taka ciki da ɗingishi ta kwanta. Genzo ya zaro ƙwan ya tura mata a ƙarƙashi, ta gyara su da baki. Sannan ya kai ƙanwarsa asibiti aka ɗinke hannun. Buhun kuwa ya tafi da shi, ba ta tambaye shi abin da ya yi da shi ba, shi ma bai faɗa ba. Washegari ya hau saman sitonta ya sauko da 'ya'yan dabbar guda uku a cikin hularsa, ko ido ba su buɗe ba. Ta kalle su sau ɗaya ta kau da kai.

Biyu suka ƙyanƙyashe. Mai tsagar ya huda ɓawo ya mutu a ciki. Ta rene su a ɗaki har suka yi gashi, sannan ta mai da su sabon shingen. Ɗaya mace, ɗaya namiji.

Da hannun ya warke ta sayi kwalbar giyar shinkafa mai kyau, ta hau bas ta ƙetare dutse ba tare da ta gaya wa kowa ba, don ta roƙi maharbin nan ya mai do da Taki. Mutumin ya karɓe ta da mutunci, ya ba ta shayi, ya yi ta kewaye-kewaye. Daga ƙarshe ya ce karen tun makon farko ya tsinke igiya ya shiga daji ta wajen Minezawa, ba a sake ganinsa ba. Ya ce ai a ranar ya buga wa Genzo waya. Nan ta gane inda yayanta yake zuwa da yamma bayan ya tashi daga aikin shingenta, lokacin da take ganin motarsa ta nufi hanyar dutse, ashe neman karen yake zuwa. Duk tsawon kwanakin da yake haƙa mata rami ya sani, bai ce mata komai ba. A bas ɗin dawowa ta yi kukan da ba ta yi wa Dattijo ba.

Ta je ta same shi da maganar. Ya ce ya wuce, kada ta ƙara tayar da shi, kuma ta ba shi kwalbar tunda ta dawo da ita. Bai sake ajiye kare ba.

Ɗan zakaran ya buɗe murya cikin sanyi. Muryar na da zurfi, tana tafiya daidai, sai a ƙarshe ta yanke kamar mai shaƙuwa. Genzo ya saurara sau biyu ya ce wannan ya dace da tukunyar sabuwar shekara. Kiyono ta ce tukunyarsa ta ci kanta. Ta nemo kaza daga wani makiyayi a kwarin gaba ta haɗa su, cikin 'ya'yansa aka samu masu dama-dama, cikin jikoki aka samu biyu da ake zuwa daga nesa don a ji. Genzo ya rayu shekara shida bayan wannan, kuma kusan kullum da hantsi yana gidanta yana kushe mata aiki. Babban yatsanta bai sake lanƙwasuwa ba, ta koyi riƙe 'yan sandunan nan biyu na cin abinci da wata irin dabara da ke ba yara dariya.

Yanzu ta ba tamanin baya. Ita da Sada suke cin abincin rana tare, yau a gidan wannan gobe a gidan waccan. A bana gwiwarta ta hagu ta matsa mata, likita ya ce sai an yi aiki, ya sa mata rana a farkon bazara. Ta ce ba za ta samu zuwa ba, tana da kaza a kan ƙwai. Ya ce to wata mai zuwa. Ta ce lokacin 'yan tsaki na ƙanana, ba a barinsu da wanda bai san su ba. Likitan, wanda jikanta ma ya girme shi, ya ajiye biro ya tambaye ta to yaushe kajin za su ba da izini. Ta yi lissafi da yatsu, ta ce ya duba mata bayan girbi.